Kalgo, Kirya da Buhun Gawayi

Wannan makon tarihin itacen girki za mu taɓa a ƙasar Gwandu.

Sunan garin Kalgo ma sunan itace ne, kuma duk wanda ya yi noma ya san halin kalgo da sabara: ka sare su da rani, damina na sauka su sake tohowa daga kututture. Da irinsu da karan dawa kakanninmu suka yi girki shekara da shekaru, daji bai ƙare ba. Gawayi kuwa sana'ar maƙera ce, na kirya suke nema saboda ƙarfin wutarsa.

Turawa sun shigo da tsoron hamada. Bayan dokar gandun daji ta 1916, wani masanin daji ɗan Ingila, Stebbing, ya zagaya Arewa a 1934 ya ce Sahara na tafe da gudu. Kwamitin haɗin gwiwar Ingila da Faransa da ya bi iyakar a 1936 zuwa 1937 bai gaskata shi ba, amma En'e ta ci gaba da keɓe daji, talaka kuma ya koyi tsoron malamin daji fiye da son itace.

A ganinmu, babban canji daga birni ya zo. Tun da Birnin Kebbi ta zama hedikwatar jiha a 1991, ga jami'ar tarayya a Kalgo daga 2013, bakunan murhu suka ƙaru: gidan burodi, mai tsire, mai shayi. Kananzir ya gagari talaka, gas ya yi tsada, aka koma buhun gawayi. Kilo ɗaya na gawayi kan ci kilo 5 na itace ko fiye, kuma mai ƙona shi ba ruwansa da sabara. Kirya da marke yake so, waɗanda ke ɗaukar shekaru da dama kafin su girma.

Maƙwabtanmu na Maraɗi, tun wajen 1984, suka kama sassaben zamani: manomi ya bar 'yan rassa masu ƙarfi a kowane kututture, ya riƙa yi musu aski. Itacen girki na fitowa daga gonarsa. Abin ya kankama ne da manomi ya tabbata itacen nasa ne, ba na malamin daji ba.

Dattawan Kalgo da Gwandu da ke cikin wannan zaure, a ina kirya ta rage a yankinku?