Motsin Ɓawon Ƙasa da Ruwan Dauri a Mirrihi da Zuhura: Waiwayen Tarihi

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin yadda masana suka gane cewa ɓawon duniya ba dunƙulalle ba ne, faya-fayai ne masu motsi, da kuma yadda wannan ganewa ta shafi binciken ruwa a wasu duniyoyi.

A shekarar 1912 ne Alfred Wegener, wani Bajamushe masanin yanayi, ya ce nahiyoyi a haɗe suke a da, daga baya suka tsage. Cikin hujjojinsa akwai dacewar gaɓar Afirka da ta Kudancin Amurka, da burbushin halittu iri ɗaya a ɓangarorin biyu. Masana suka yi watsi da maganar, domin bai nuna ƙarfin da ke tura nahiyoyin ba, har ya rasu a Girinlan a 1930. Sai a 1962 Harry Hess ya bayyana cewa sabon dutse yana ɓullowa a tsakiyar teku, yana ture tsohon gefe. A 1963 Vine da Matthews suka ƙarfafa wannan da layukan maganaɗisu da ke shimfiɗe a ƙasan teku. Kwarin Binuwai ma tsaga ce da ta fara buɗewa sa'ad da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, amma ba ta kai ga zama teku ba.

A Mirrihi kuwa, wato Mas, akasin haka aka yi: an gaskata abin da babu. Schiaparelli ya zana layuka a fuskarta a 1877, sa'an nan Percival Lowell ya ɗauke su magudanan ruwa da wasu halittu suka haƙa. Hotunan Mariner 4 na 1965 ba su nuna magudana ko ɗaya ba, sai ramuka. Amma kumbon Mariner 9, wanda ya isa a 1971, ya gano busassun kwaruruka masu kamar na koguna, a 2012 kuma Curiosity ya tarar da tsakuwoyin da ruwa ya goge a ramin Gale. Ashe ruwa ya gudana can fiye da shekara biliyan 3 da suka wuce. Duk da haka akasarin masana na ganin ɓawon Mirrihi faifai ɗaya ne tak, shi ya sa dutsen Olympus ya yi ta amai wuri guda har ya haura kilomita 20.

Zuhura kuwa, wadda kusan girmanta ɗaya da duniyarmu, zafinta ya kai digiri 460. Kumbon Pioneer na 1978 ya auna haidurojin mai nauyi a iskarta, ya tarar ya ninka na duniyarmu kamar sau 100, alamar ta yi asarar ruwa. Taswirar Magellan, wadda aka soma a 1990, ba ta nuna faya-fayai irin namu ba. Daga nan masana da yawa suka karkata ga cewa ruwa ne ke sassauta dutse, har wani faifai ya iya nutsewa ƙarƙashin wani.

A taƙaice, an ƙi Wegener don rashin bayanin dalili, jama'a kuma suka bi Lowell don maganarsa ta yi daɗin ji. A duka biyun awo ne ya raba gardama, kuma shi ya kamata mu fara koya wa ɗalibanmu.