Mai Shari'a Aloma Mukhtar: Matar da Ta Fara Jagorantar Kotun Ƙolin Najeriya

A ranar 12 ga Disamba, 2008, alƙalai bakwai na Kotun Ƙoli suka yanke hukunci kan ƙarar da Muhammadu Buhari ya shigar yana ƙalubalantar zaɓen shugaban ƙasa na 2007. Huɗu suka tabbatar da nasarar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Uku kuwa suka ce a soke zaɓen, saboda takardun ƙuri'ar ba su ɗauke da lambobi a jere kamar yadda doka ta tanada. Mutanen ukun su ne George Oguntade da Walter Onnoghen da Aloma Mariam Mukhtar. Wannan matsayi da ta ɗauka a gaban gwamnati mai ci ya nuna halinta tun kafin ta hau kujerar da ta fi kowace girma a ɓangaren shari'a.

An haife ta ranar 20 ga Nuwamba, 1944. Ta yi karatun farko a Zariya, har da makarantar Wusasa, daga nan ta tafi Ingila ta karanci shari'a. Ta zama lauya a can a 1966, sannan a gida a 1967, ita ce mace ta farko daga Arewa da ta kai ga haka. Ta fara aiki a Ma'aikatar Shari'a ta Arewa, ta yi majistare, ta zama alƙaliyar Babbar Kotun Jihar Kano a 1977. A 1987 ta shiga Kotun Ɗaukaka Ƙara, a 2005 kuma Kotun Ƙoli, kuma a dukkansu babu macen da ta riga ta.

Shugaba Goodluck Jonathan ya rantsar da ita a matsayin Alƙaliyar Alƙalan Najeriya ranar 16 ga Yuli, 2012. Muƙamin ya haɗa da shugabancin Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wadda ke ladabtar da alƙalai, kuma a nan ne ta fi barin tarihi. A 2013 majalisar ta ba da shawarar yi wa Charles Archibong da Thomas Naron ritayar dole. Ta kuma dakatar da Abubakar Talba na tsawon shekara guda, bayan ya ba wani jami'in da ya amsa laifin wawure biliyoyin kuɗin fanshon 'yan sanda zaɓin biyan tarar naira 750,000.

Shekara biyu da wata huɗu kawai ta yi, domin ta cika shekara 70 ranar 20 ga Nuwamba, 2014, ta miƙa ragama ga Mahmud Mohammed. Ɗan wannan lokaci bai isa ya kawar da cin hanci daga kotuna ba, amma ya tabbatar wa alƙalai cewa su ma ana iya yi musu hisabi. Sai bayan shekara goma, a 2024, wata mace ta sake hawa kujerar, wato Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun.