Wa Ke Ba Da Tutar Kafa Coci? Rigimar Legas ta 1888 da Tambayar Unguwar Hajji

Wani mai karatu daga Unguwar Hajji, can yankin Ƙaraye da Rogo, ya aiko da tambaya kan maƙwabtansa Kirista 'yan ɗarikar Baftis. Gidaje ne kaɗan. Idan damina ta ɓata hanyar zuwa gari, a zauren wani dattijo suke shimfiɗa tabarmi su yi sujadar Lahadi. Yanzu suna so su tsaya da ƙafarsu, sai kai ya rabu: wasu sun ce sai uwar coci ta aiko da takarda, wasu sun ce yardar junansu ta isa. To wa ke da gaskiya?

Ga Bahaushe, iko daga sama yake gangarowa. Tuta daga hannun Shehu Usmanu ta fito, rawanin hakimi daga fada, ijazar muƙaddami daga shehinsa. Katolika da Angalika ma haka suke, sai bishop ya ɗora hannu. Baftis kuwa tun ran gini suka yi nasu zanen daban. A 1609, a birnin Amstadam, wani Baturen Ingila mai suna John Smyth ya duba bai ga cocin da ya yarda da ita ba, sai ya yi wa kansa baftisma, sannan ya yi wa mabiyansa. Daga baya zuciyarsa ta yi rawa, ya tafi neman salsala wurin wata ɗarika. Abokinsa Thomas Helwys ya ƙi binsa, ya koma Landan da mutane ƙalilan, bisa cewa taron masu bi shi ne coci, ba ya jiran sa hannun kowa.

Masu son salsala ba su ƙare ba. A Amurka, daga 1851, J. R. Graves da mutanensa suka dage cewa Baftis sarƙa ce da ba ta taɓa tsinkewa ba tun daga Yohanna Mai Baftisma, kuma daga cikin magadansu aka sami masu cewa duk cocin da ba wata coci ce ta haife ta ba, ba coci ba ce. Da masanin tarihi William Whitsitt ya nuna cewa sai a 1641 Baftis ɗin Ingila suka fara nitsar da mutum cikin ruwa, zafin da aka yi masa ya kai shi ga ajiye shugabancin makarantar tauhidi ta Louisville a 1899. Kujera ce ya rasa, hujjarsa tana nan.

Amma inda aka yi ta ta ƙare a ƙasarmu shi ne Legas. Ɗan mishan Baftis daga Amurka, Thomas Bowen, ya sauka a Badagry a 1850 da burin kutsawa cikin ƙasa. Ya kai Ilori a 1855, Sarki bai ba shi izinin zama ba, aikin ya tsaya a ƙasar Yarbawa. Yaƙin basasar Amurka ya busar da aljihun mishan, har daga 1869 zuwa 1875 babu ɗan mishan ko ɗaya a fagen. Waɗanda suka riƙe garken su ne wata gwauruwa, Sarah Harden, da wani saurayi, Moses Ladejo Stone, wanda ya tashi a hannun ɗan mishan R. H. Stone har ya ɗauki sunansa. Ba wanda ya ba su takarda, kuma cocin ba ta mutu ba.

Da ɗan mishan W. J. David ya zo a 1875 sai ya karɓi ragama. Aka naɗa Moses Stone fasto, aka gina babbar majami'a a Legas. Sai Stone ya nemi ƙarin albashi, David ya ce babu. Ya kama ɗan kasuwanci don ya rufa wa iyalinsa asiri, David ya ce bai dace da fasto ba. Stone ya miƙa takardar ajiye aiki, David ya karɓe ta shi kaɗai, bai tara jama'a ba. Nan gizo ke saƙar.

Labarin yana da baki biyu. A bakin 'yan mishan, rigimar kuɗi ce da rashin ladabi: wanda ke biyan albashi shi ke sallama. A bakin 'yan cocin kuwa, David ya taka dokar da shi kansa ya koya musu, cewa jama'a ke kiran fasto, jama'a ke sallamarsa. Ni na fi karkata ga na biyun. Da don albashin mutum ɗaya ne, da ba a ga yawancin jama'a sun tashi sun bar sabon gini da suka sha wahalarsa ba. A 1888 suka fice suka kafa cocin Baftis ta 'yan ƙasa, wadda daga baya ta zama Ebenezer, ba takardar uwa, ba albarkar Amurka. Cikinsu har da malamin makaranta David Brown Vincent, wanda ya yar da sunan Turawa da kwat ɗinsu, ya koma Mojola Agbebi cikin babbar riga.

Abin lura shi ne ƙarshen zancen. Da ɓangarorin suka haɗu a Ibadan a 1914 suka kafa ƙungiyar Baftis ta ƙasar Yarbawa, Agbebin nan da ya fita ba izini shi aka zaɓa shugaban farko. Ba a ce sai an sake haihuwar cocinsa ba. A 1919 ƙungiyar ta ɗauki sunan Nijeriya baki ɗaya.

Arewa ma ta wannan ƙofa abin ya shigo. Layin dogo ya iso Kano a 1911, fataken Yarbawa da ma'aikatan reluwe suka riƙa taruwa a ɗakunansu a Sabon Garin Kano, Zariya, Kaduna da Jos, tun kafin 'yan mishan na Amurka su iso. Wa'azi da Hausa da makarantar fastoci ta Kawo a Kaduna daga baya suka biyo.

Saboda haka, malam mai tambaya, a al'adar yau sabon taro yakan fara a matsayin reshe ƙarƙashin wata coci, kuma idan maƙwabtanka suna son shiga babbar ƙungiya, akwai ƙa'idojin da za su cika, akwai fastocin da za su zo su gwada wanda za a naɗa. Wannan zumunci ne mai kyau, yana kuma tare mai neman mayar da coci gonarsa. Sai dai takardar uwa shaida ce kawai. Ranar da za a kira fasto, hannuwan da za a ƙirga na mutanen da ke zaune kan tabarmin zauren nan ne.