Gilashin da Muke Rubutu a Kansa

'Yan uwa marubuta, yawancinmu da babban yatsa muke rubuta labari yanzu, amma gilashin wayar nan ba dannawa yake ji ba. A ƙarƙashinsa akwai siraran layukan lantarki da ido ba ya gani, an saƙa su tsaye da kwance kamar tabarma. Jikin mutum yana ɗaukar lantarki, don haka da yatsa ya sauka sai ya ɗan janye cajin wurin, waya ta gane mahaɗar da aka taɓa.

Dabarar ta girmi wayar salula. A 1965 wani injiniya a cibiyar binciken rada ta Malvern a Ingila, E. A. Johnson, ya wallafa bayaninta, kuma masu kula da zirga-zirgar jiragen sama aka yi wa ita. Da GSM ta iso Nijeriya a 2001, masu maɓalli muka fara riƙewa. Sai a 2007 iPhone ta yayata irin wannan gilashi, daga baya wayoyin Android masu araha suka kawo shi ƙauyukanmu.

To, ga inda abin ya shafi alƙalaminmu. Idan jaruminmu manomi ne a Fakku, ga hunturu, ga kanta a hannu, busasshen yatsansa zai iya goga gilashi waya ta yi biris da shi. Kada mu rubuta cewa ya ƙara ƙarfi ta amsa, domin ƙarfi ba ya aiki a nan, haka ma tsinke. Huci zai yi wa yatsan ya ɗan jiƙa, sannan kiran ya shiga.