Tarihin Hoton Ƙoda da Mafitsara da Yadda Tsadarsa Ta Bambanta Tsakanin Ƙasashe

Hasken eksire da Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a shekarar 1895 ya bai wa likitoci damar ganin ƙashi ƙarara, amma ƙoda da mafitsara da bututun da ke haɗa su sun ci gaba da ɓuya, domin tsoka ce mai laushi da hasken ke ratsawa ba tare da barin wata inuwa ba. Mafita ita ce a cika waɗannan hanyoyi da wani ruwa mai tare hasken, wanda ake kira ruwan hoto, kuma daga baya kuɗin wannan ruwa ya taka rawa wajen yanke hukunci a kan wanda za a yi wa gwajin da wanda za a sallama da hasashe.

A shekarar 1906 likitoci biyu a Heidelberg, Voelcker da von Lichtenberg, suka fara tura ruwan azurfa ta mafitsara zuwa sama, aikin da ke da zafi da haɗari, wanda sai ƙwararre mai kayan aiki ke iya yi. A 1923 likitocin asibitin Mayo na Amurka suka lura cewa masu tunjere da ake yi wa magani da gishirin aidin, mafitsararsu kan fito a hoto, saboda ƙoda ce ke tace aidin ta zubar da shi cikin fitsari. Wanda ya mayar da wannan lura aiki shi ne Moses Swick, wani matashin likita Ba'amurke da ya je ƙarin ilimi Jamus, inda a 1929 ya gwada sinadaran da Arthur Binz ya haɗa a Berlin, ya samu wanda ake iya ɗurawa ta jijiya a ga ƙoda sosai. Kamfanin Schering ya sayar da shi da sunan Uroselectan, yabon kuwa ya tafi wajen von Lichtenberg, sai bayan shekaru fiye da talatin aka amince da haƙƙin Swick.

Wannan gwaji, wanda likitoci ke taƙaitawa da IVU, bai canza sosai ba tun lokacin. Ana sa majiyyaci ya sha maganin wanke ciki ya kwana bai ci ba, a ɗauki hoton farko kafin allura, a ɗura ruwan, sannan a riƙa ɗaukar hotuna bayan minti biyar da goma sha biyar, wani lokaci a ɗaure masa ciki da ɗamara domin ruwan ya taru a ƙoda, a ƙarshe ya yi fitsari a sake ɗauka. Kowane faifan hoto kuɗi ne, haka ma lokacin ma'aikaci da wutar na'ura, ga kuma kuɗin kwalbar ruwan.

A shekarun 1950 aka samu ruwa mai ƙwayar aidin uku, irin su Urografin da Hypaque, wanda ya yi arha har ya bazu a duniya, sai dai yana rabewa gida biyu a cikin jini, ƙarfinsa ya ninka na jini sau da yawa, abin da ke haddasa zafi da amai da ƙaiƙayi, jefi-jefi kuma numfashi ya sarƙe. Torsten Almén, likitan hoto ɗan Suwidin, ya kawo shawara a 1969 cewa a ƙera wanda ba ya rabewa, kamfanin Nyegaard na Norway ya aiwatar, daga nan aka kai ga Omnipaque a farkon shekarun 1980. A nan ne tarihin ya zama na kuɗi tsantsa, domin a Amurka sabon ruwan ya ninka tsohon farashi sau goma ko fiye. Binciken Katayama da aka wallafa a 1990, wanda ya duba allurai 337,647 a Japan, ya nuna cewa mummunar illa ta sauko daga kashi 0.22 cikin ɗari zuwa 0.04, amma duk da haka, yayin da Japan da ƙasashen arewacin Turai suka koma kan sabon da wuri, asibitocin Amurka sun daɗe suna keɓe shi ga masu asma ko ciwon zuciya ko wanda tsohon ya taɓa ba wahala. Ba ilimi ne ya raba waɗannan ƙasashe ba, mai biyan kuɗi ne ya raba su.

Ƙasar Hausa tana da rabonta a wannan tarihi ta hanyar tsargiya, cutar fitsarin jini da ake ɗauka a ruwan kududdufi da madatsai, wadda kan sandarar da bangon mafitsara ta toshe bututu har ƙoda ta kumbura. A ƙarshen shekarun 1970 masu binciken cututtuka a Malumfashi sun yi amfani da IVU wajen nuna wannan ɓarna a jikin maza masu cutar, amma gwaji ne da ba za a iya kai wa kowane ƙauye ba. Saboda haka aka karkata ga sikanin, wato hoton da ake ɗauka da amon sauti ba tare da allura ba, kuma a Yamai ne ƙwararru suka zauna a 1996 suka tsara ƙa'idar duba illar tsargiya da shi, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa. Duk da haka ana buƙatar ruwan hoto har yau, misali ga mai yoyon fitsari da ake zargin raunin ya taɓa bututun ƙoda.

Tun tsakiyar shekarun 1990 na'urar ɗaukar hoto ta CT ta karɓe binciken tsakuwar ƙoda a ƙasashe masu hali, IVU ya kusa ɓacewa a can, alhali a Najeriya da Nijar ya rayu domin ya fi CT sauƙin kuɗi kuma na'urar eksire ta fi samuwa. Ruwan kuwa daga waje ake shigo da shi, an haɗa shi da aidin da Chile da Japan suka fi kowa samarwa, don haka faɗuwar darajar naira tun 2023 take bayyana a kan rasit, a Najeriya, ƙasar da sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin lafiya ke fitowa daga aljihun majiyyaci, ga kuɗin mota da na kwana ga wanda ya taso daga ƙauye zuwa Kano ko Zariya ko Sakkwato. Ko masu hali ba su tsira ba, domin a 2022 kullen korona ya tsayar da masana'antar kamfanin GE da ke haɗa ruwan hoto a Shanghai, asibitocin Amurka suka shiga tsimin Omnipaque suna ɗage gwaje-gwajen da ba na gaggawa ba har tsawon makonni.