Labarin Bashi a Kasuwar Kano, Daga Zamanin Wuri Zuwa Zamanin Gyaɗa

Ya kai almajiri mai neman sani, da kai ɗan kasuwa mai neman halali, wannan taƙaitaccen labari ne na yadda magabatanmu suka ci bashi suka biya, da yadda waɗansu suka ci ya cinye su. Shekarun da za mu ambata duka na Miladiyya ne.

Fasali a kan zamanin wuri

Ka sani, a zamanin Sarkin Kano Usman kuɗin kasuwar Kurmi wuri ne. Ana ƙidaya shi da hannu a kan tabarma, wuri 20,000 shi ne keso ɗaya. A shekarar 1851 wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth, wanda mutanen ƙasa suka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano, ya tarar riyal ɗaya na azurfa yana daidai da wuri 2,500. Shi kansa ya iso da bashin da ya haura wuri 100,000 a wuyansa, na ladan dakon kaya da hayar dabbobi da rance. In ka lissafa, keso biyar ke nan da ɗoriya, wajen riyal 40. Hajarsa kuwa ba ta yi kasuwa ba, masu bashi suna zarya a ƙofarsa, ga zazzaɓi ya kwantar da shi. Gwamnatin Ingila ce ta aiko shi, amma bai kuɓuta daga ƙuncin bashi ba. Da gaskiyar masu iya magana da suka ce bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Asalin wurin nan daga tsibiran Maldif yake, cikin tekun Hindu. Daga baya 'yan kasuwar Jamus suka riƙa loda wani irin wuri mai araha daga Zanzibar suna zubawa a gaɓar Legas da maƙwabtanta. Da ya yi yawa sai darajarsa ta faɗi, har kafin ƙarnin ya ƙare wanda ya binne keso goma don tsufansa ya tono su cif, ba wanda ya taɓa, amma ba su sayi abin da suke saye a da ba. Wanda ya mai da nasa gona ko shanu ko gida, shi ne ya ga amfanin wahalarsa.

Fasali a kan fataken Gwanja

Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka shahara da fataucin goro. Sukan tashi da turkuɗi da kanwa da fatu, su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu, su isa Salaga bayan watanni. Da yawa daga cikinsu ba da dukiyarsu kaɗai suke tafiya ba. Attajiri yakan ba yaronsa jari a kan a raba riba, wanda malaman fiƙihu suke kira ƙirali. Hukuncinsa shi ne, in dukiya ta halaka ba da sakacin mai juya ta ba, hasarar ta mai dukiya ce, shi kuwa yaron ya yi hasarar wahalarsa. Wannan ya bambanta da rance, wanda biyansa wajibi ne ko an ci riba ko an faɗi. Falke mai hankali yakan san wanne ya karɓa tun bai ɗaura wa jaki mangala ba.

Ba su da kamfanin inshora, amma suna da ayari. Madugu shi ke shugabanci, jagaba yana gaba. Kuɗin fito da na ratsa ƙasar sarakuna akan tara shi gwargwadon kayan kowa, tsaron zango kuma na kowa ne. Nauyin da zai karya mutum ɗaya sai a raba shi a kan mutum ɗari.

A can masauki kuwa akwai maigida. Shi ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa lamuni in an sayar bashi. A Sabon Ibadan, unguwar Hausawa da aka kafa a 1916, haka aka riƙa sayar wa mahauta shanun Arewa: su yanka, su sayar, su biya daga baya, maigida yana tsakani. In mahauci ya ƙi biya, masu gida sukan haɗa baki su hana shi dabba har sai ya biya. Jarin maigida abu biyu ne, gidansa da sunansa. Gidan ya zama masauki da rumbu, kuma shaida ce cewa ba zai gudu da dare ba.

Amma ko gida ba ya hana ƙaddara. A 1892 yaƙin sarauta ya tashi a Salaga, kasuwa ta watse, baƙi suka bar gidajensu suka bazu zuwa Kete Karachi da waɗansu garuruwa. Cikin waɗanda suka tashi har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, mai Waƙar Talauci da Wadata, wanda ya rasu a Karachi a 1934. Duk wanda ya tara dukiyarsa da basussukan da yake bi a gari ɗaya, rana ɗaya ta ishe shi tsiyacewa.

Fasali a kan zamanin gyaɗa

Turawa suka ci Kano a 1903, suka kawo sule da kwabo, suka ce da su za a biya haraji. Jirgin ƙasa ya iso a 1911. Turawa sun so a noma auduga, manoma suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, suka koma mata. Kamfanoni suka fara ba manyan 'yan kasuwa kuɗi tun kafin kaka, su kuma su rarraba wa yaransu, yaran su shiga ƙauyuka su kama amfanin gona tun yana ƙasa. Sai bashi ya zama sarƙa, kanta yana kantin Bature, wutsiyarta tana gonar talaka. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa sai ya yi masa aski.

Damina ta ƙi a 1913, aka shiga yunwar 1914 da ake kira Ƙaƙalaba. Wanda ya cika gonarsa da gyaɗa ya rage gero, ya ga kuɗi a hannu, hatsi kuwa ya yi tsadar da kuɗin ba su kai ba. A irin wannan hali talaka yakan ci falle, wato ya karɓi hatsi ko kuɗi da bazara ya biya da ƙari mai nauyi da kaka, ko ya ba da gonarsa jingina. In ya biya, rumbunsa ya ragu, baɗi ya sake komawa wurin mai ba da rance tun da wuri. Bayan 1929 kuma kasuwar duniya ta karye, farashin gyaɗa ya faɗi ƙasa warwas, amma haraji da bashi suna nan yadda aka rubuta su.

Cikin waɗanda suka tsaya da ƙafarsu a wannan zamani akwai Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877. Ya tashi maraya, ya yi almajirci, ya yi fataucin goro, har ya riƙa biyo da shi ta teku zuwa Legas, sa'an nan ya zama babban mai sayen gyaɗa. An san shi da tsimi da ƙin almubazzaranci, bai kuma tsaya ga sana'a guda ba. Da ajali ya matso ya yi wa 'ya'yansa wasiyya su riƙe kasuwancin tare. Ya rasu a 1955, ana lissafa shi attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma.

Ita kanta gyaɗar ba ta dawwama ba. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta faɗa mata a 1975 suka rushe dalar gyaɗa ta Kano, aka kuma soke hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Kuɗin ma sun yi ta sauyawa: naira ta maye gurbin fam a 1973, aka sauya launin takardun kuɗi a 1984 cikin 'yan kwanaki, har waɗansu masu ɓoyo a tukunya suka makara. A Nijar aka karya darajar sefa da rabi a 1994.

Faɗakarwa

Ya ɗan'uwa, ka duba, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, tana umurni da a rubuta shi, a ambaci ajalinsa, a kafa shaidu. Kada kunya ta hana ka rubutu tsakaninka da amininka, domin magadanku ba su san amincinku ba. Ya tabbata Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya bar duniya sulkensa yana jingine saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa. Saboda haka bashin bukata ba abin kunya ba ne. Ya kuma tabbata an kawo masa gawar mai bashi ya dakata da yi mata salla har Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Ka auna nauyin abin daga nan.

To, in za ka ci bashi, ka ci don abin da zai haifi biyansa, kada ka ci don biki ko tufafin salla, ka kuma nisanci riba. Ka fara cika rumbun abinci kafin buhun sayarwa. Ka shiga adashi da mutanen da ka san gidajensu. Ka raba dukiyarka, wani abu a hannu, wani a kasuwa, wani a ƙasa ko dabba. In Allah ya hore maka gida, kada ka jinginar da shi don cinikin da ba ka ga ƙarshensa ba. Ka koya wa ɗanka sana'a tun kana da ƙarfi. Ka rubuta abin da kake bi da abin da ake bin ka, ka ajiye inda za a gani, domin ba a raba gado sai an biya bashi. In kai ne mai bi, ka jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci.

Allah ya biya wa mai bashi bashinsa, ya wadata mu da halali, ya gafarta wa wanda ya rubuta da wanda ya karanta da iyayenmu baki ɗaya. Amin.