TARIHI: Kofin 'Yan Sha'awa Na Ingila, Gasar Da Ta Taɓa Tara Mutum 100,000 A Wembley



Yawancinmu idan aka ce ƙwallon Ingila, Firimiya ce ke faɗo mana a rai, wato su Arsenal da Chelsea da Liverpool da Manchester United da muke cika gidajen kallo dominsu duk ƙarshen mako. Amma akwai wata gasar sili-ɗaya-ƙwale da aka shafe shekara 80 ana bugawa a ƙasar, wadda 'yan wasanta ma'aikatan haƙar kwal ne da malaman makaranta da akawu da ɗalibai. Da rana suna wurin neman abinci, da yamma su fito atisaye, ranar Asabar su buga wasa. Sunan gasar FA Amateur Cup, wato kofin 'yan sha'awa, waɗanda ba a biyan su albashi don buga ƙwallo. Tarihinta muka kawo muku yau, har da inda ya haɗu da tarihin ƙwallon Najeriya.

YADDA AKA FARO

An kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, FA, a 1863, aka fara babban kofinta na FA Cup a kakar 1871 zuwa 1872. A shekarun farko ƙungiyoyin 'ya'yan masu hali da tsofaffin ɗaliban manyan makarantu na kudancin ƙasar ne ke lashe kofin. A wurinsu karɓar kuɗi don buga ƙwallo abin kunya ne, domin suna da abin hannunsu. Shi kuwa leburan masaƙa na arewacin Ingila, idan ya bar aiki ya tafi wasa, ladan wannan yinin ya tafi ke nan. Shi ya sa ƙungiyoyin arewa suka fara biyan 'yan wasansu a ɓoye.

A 1883 Blackburn Olympic, ƙungiyar ma'aikata, ta doke Old Etonians ta ɗauki FA Cup. A 1885 hukumar FA ta halatta biyan 'yan wasa, a 1888 kuma aka kafa gasar lig ta ƙwararru. Daga nan ƙungiyoyin da suka ƙi biyan kuɗi suka ga cewa babban kofi ya fi ƙarfinsu, tunda mai atisaye sau biyu a mako ba zai iya ja da wanda ƙwallon ce sana'arsa ba.

Ƙungiyar Sheffield FC, wadda aka kafa a 1857 kuma ake ɗauka a matsayin mafi daɗewa a duniya, ita ce ta kawo shawarar a yi wa 'yan sha'awa nasu kofin a 1892. Da farko hukumar ba ta karɓa ba, amma bayan shekara guda ta ɗauki nauyin gasar da kanta. A wasan ƙarshe na farko a 1894, Old Carthusians ta ci Casuals 2 da 1 a Richmond da ke Landan. Ita Sheffield ɗin sai a 1904 ta samu ta ɗaga kofin da ta kawo shawararsa.

GARURUWAN KWAL DA UNGUWANNIN LANDAN

An yi kofin ne da tunanin kare martabar 'ya'yan manya, sai ga shi talakawa sun karɓe shi. Yankuna biyu ne suka fi mamaye gasar. Na farko shi ne arewa maso gabashin Ingila, musamman gundumar Durham mai ramukan haƙar kwal. Na biyu kuma unguwannin Landan da kewayenta.

Bishop Auckland, ƙungiyar wani ƙaramin gari a Durham, ta ci kofin sau 10, babu wadda ta kamo ta. Uku daga ciki a jere ta ci su, 1955 da 1956 da 1957. Maƙwabciyarta Crook Town ta ci sau 5, haka ma Clapton ta Landan, sai Dulwich Hamlet mai 4. Middlesbrough da muka sani a yau ta ci sau biyu, 1895 da 1898, kafin ta koma ƙungiyar ƙwararru.

Manyan mutane sun bi ta wannan gasa. Walter Tull, wanda mahaifinsa ɗan tsibirin Barbados ne, ya ci kofin da Clapton a 1909 kafin Tottenham ta ɗauke shi, ya zama ɗaya daga cikin baƙaƙen fata na farko da suka buga babbar lig ta Ingila. Bob Paisley ya ci kofin da Bishop Auckland a 1939, ya wuce Liverpool, inda daga baya ya zama kocin da ya ciyo mata kofin Turai sau uku.

ZUWAN 'YAN NAJERIYA A 1949

A 1949 aka mayar da wasan ƙarshe filin Wembley, inda Bromley ta ci Romford 1 da nema. A wannan shekarar ce kuma tawagar 'yan wasan Najeriya su 18, da ake kira UK Tourists, ta shiga jirgin ruwa daga Legas zuwa Liverpool. Etim Henshaw ne kyaftin, kuma a cikinsu akwai Teslim Balogun, wanda filin wasa na Surulere ke ɗauke da sunansa a yau. Mafi yawansu babu takalmi suka buga, sai bandeji a ƙafa.

Ƙungiyoyin 'yan sha'awa ne suka karɓi baƙuncinsu. Sun fara da lallasa Marine 5 da 2, sannan Bishop Auckland ta rama wa 'yan uwanta da irin wannan ci. Sun kara da Leytonstone wadda ta ci kofin a 1947 da 1948, da Dulwich Hamlet, da ita kanta Bromley mai riƙe da kofin. Cikin wasa 9 sun ci 2, sun yi canjaras 2, an ci su 5. A hanyarsu ta dawowa suka tsaya Freetown suka doke Saliyo 2 da nema, wasan da ake lissafawa a matsayin na farko da Najeriya ta buga da wata ƙasa. Ke nan ƙungiyarmu ta ƙasa da zakarun wannan kofi ta fara gwada ƙarfinta a Turai.

LOKACIN DA GASAR TA KAI ƘOLOLUWA

A farkon shekarun 1950 wasan ƙarshe na 'yan sha'awa ya riƙa tara mutum 100,000 a Wembley, daidai da na babban FA Cup. Pegasus, ƙungiyar haɗin gwiwa ta ɗaliban jami'o'in Oxford da Cambridge, ta ci a 1951, ta sake ci a 1953 bayan ta yi wa Harwich & Parkeston ci 6 da nema.

Wasan da aka fi tunawa shi ne na 1954 tsakanin Crook Town da Bishop Auckland, garuruwan da tazararsu ba ta wuce 'yan kilomitoci ba. Sun tashi 2 da 2 a Wembley. A lokacin ba a raba gardama da bugun fenariti, don haka aka sake wasan a Newcastle, nan ma 2 da 2. Sai a karo na uku a Middlesbrough Crook ta ci 1 da nema. Mutanen da suka kalli wasannin uku sun kai kusan 200,000.

Magoya bayan Manchester United na da abin tunawa a nan. Ranar 6 ga Fabrairu 1958 jirgin saman da ke ɗauke da ƙungiyar ya yi hatsari a Munich, 'yan wasa 8 suka rasu. Bishop Auckland ta ba ta aron 'yan wasa uku, Bob Hardisty da Derek Lewin da Warren Bradley. Shi Bradley, wanda malamin makaranta ne, ya zauna a United har ya kai ga buga wa babbar tawagar Ingila a 1959.

KUƊIN CIKIN TAKALMI

Duk wannan ɗaukaka, akwai abin da kowa ya sani amma ba a faɗa. Ƙungiyar da ke tara dubban 'yan kallo tana samun kuɗin ƙofa, kuma tana son ta riƙe gwanayenta. Doka ta yarda a biya ɗan wasa kuɗin mota da na abinci kawai. Sai aka riƙa kumbura waɗannan kuɗaɗe, ko ɗan wasa ya dawo ɗakin sauya kaya ya tarar an cusa masa kuɗi cikin takalmi. A 1928 bincike a gundumar Durham, wanda ya faro daga Crook Town, ya kai ga dakatar da ɗaruruwan 'yan wasa.

Wani abin da ya ƙara rura wutar shi ne har zuwa 1961 akwai iyakar albashin ƙwararren ɗan wasa a Ingila, wanda a ƙarshe ya tsaya a fam 20 a mako. Mutumin da ke da aikinsa mai kyau, ga kuma na cikin takalmi, ba shi da dalilin zama ƙwararre. Da aka cire iyakar, gwanaye suka fara ficewa. Talabijin kuma ta shiga gidaje, 'yan kallo suka ragu. Wimbledon ta ci kofin a 1963, inda Eddie Reynolds ya ci ƙwallo huɗu duk da ka, amma shekara guda bayan nan ta bar sahun 'yan sha'awa. A 1988 ita ce ta doke Liverpool ta ɗauki FA Cup.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A 1974 hukumar FA ta soke bambancin ɗan sha'awa da ƙwararre gaba ɗaya, kowa ya zama ɗan wasa kawai. Bishop's Stortford ce ta ci wasan ƙarshe, ta doke Ilford 4 da 1, aka rufe gasar.

ABIN DA YA GAJE TA

Hukumar ba ta bar ƙananan ƙungiyoyi haka nan ba. Waɗanda suka fi ƙarfi aka tura su FA Trophy, da aka fara tun 1969 domin ƙungiyoyin da ba sa cikin lig amma suna biyan 'yan wasa. Ƙananan kuma aka ƙirƙira musu FA Vase, wadda Hoddesdon Town ta fara ci a 1975. Yanzu matakin da ƙungiya take bugawa ake dubawa, an daina tambayar ko ana biyan ɗan wasa. Whitley Bay ta ci Vase sau 4, uku a jere daga 2009 zuwa 2011. Tun daga 2016 kuma rana ɗaya ake buga wasannin ƙarshe na kofunan biyu a Wembley.

Abu biyu muka tsinta a wannan tarihi. Na farko, dokar da kowa ke karyawa a ɓoye mai gaskiya take cuta, domin ƙungiyoyin da suka ƙi cusa kuɗi a takalmi su ne suka riƙa rasa 'yan wasansu. Na biyu, ƙaramar ƙungiya na buƙatar kofin da za ta iya ci. A nan gida, ƙungiyar unguwa kan shiga kofin jiha da fatan kaiwa kofin ƙalubale na ƙasa, wanda ya faro a 1945 da sunan Kofin Gwamna, amma da ta yi nisa sai ta ci karo da manyan da suka fi ta kuɗi da kayan aiki. Matasanmu da ke tashi daga kasuwa ko garejin kanikanci su wuce fili da yamma, irin mutanen da suka gina Bishop Auckland ne, kuma sun cancanci gasar da za su kara da sa'o'insu har su kai wasan ƙarshe a babban fili.

Muna jiran ra'ayoyinku, musamman masu riƙe da ƙungiyoyin unguwanni. Allah ya sa mu dace.